Ku Tambayi Injiniya: Me Ya Sa Hayaƙin Titi Ya Zaɓi Shagona?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan hayaƙi suka zo, kuma ba abin mamaki ba ne tunda hunturu ya kankama. Masu tambaya a kan tsagewar bango da yoyon rufin kankare su yi mini haƙuri, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Daga wani ɗan kasuwa, Kano

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon atamfa da shadda a ƙasan wani bene mai hawa uku. Titinmu daga kudu ya miƙe zuwa arewa, benaye ne hagu da dama, kuma tun safe har magariba A Daidaita Sahu ba sa yankewa. Shagona yana gefen gabas, yana kallon yamma. Na ƙanena yana tsallaken titi, muna kallon juna. Abin da ya ɗaure mini kai, da zarar sanyi ya shigo ni ne mai shan hayaƙi. Idona yaji, maƙogwarona ƙaiƙayi, farar shadda in ta kwana biyu a rataye sai ta dushe. Shi kuwa ƙura kawai yake kakkaɓewa. Alhali ni ne na ba iskar baya, ginin da nake ciki ya kare ni. Yaya wanda ya fake zai fi wanda ke fili wahala? Wasu har sun fara ce mini ruwa ba ya tsami banza, in tashi in nemi taimako.

Amsa

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ruwa kam ba ya tsami banza, amma ba hannun kowa a ciki, ka riƙe kuɗinka. Fakewar nan da kake gani ita ce ta jawo maka.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. In ta iso layinku ba ta iya ratsa bango, sai ta haye ta kan rufin benen da kake ciki. Da ta wuce bakin rufin, mafi yawanta gaba take yi abinta ta saman titi, ko leƙo ƙasa ba ta yi. 'Yar kaɗan ce take cin karo da fuskar benen ƙanenka, ta rasa hanya, ta gangaro ta jikin bango har ƙasa. Daga nan sai ta juyo ta tsallako titi daga yamma zuwa gabas, wato kishiyar inda ta sama ta nufa. A wannan tsallakowa ne take bi ta bakin salansar kowane keke da kowace mota, ta kwashi abin da ta kwasa ta kawo ƙofar shagonka, sannan ta hau jikin bangonku ta yi sama. Can a bakin rufi wani abu daga cikin hayaƙin ya samu ya fice, saura ya sake shiga zagaye. Ke nan ƙanenka yana karɓar iskar tun tana saukowa daga sama, da ƙurarta ta hamada amma ba hayaƙi sosai. Kai kuma sai ta gama share titi take iso maka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rafi da damina ya ga irin wannan. Ruwa na gudu, amma a bayan babban dutse sai ka ga yayi da ledoji suna ta kewaya wuri ɗaya, sun kasa tafiya. Bayan gini haka yake ga iska.

Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne tsayin gini idan an gwada shi da faɗin titi. Wani malamin ilimin yanayin birane a Kanada, Tim Oke, ya fayyace wannan tun 1988, kuma har yau da bayaninsa ake koyar da ɗalibai. In gine-gine gajeru ne titi kuma mai faɗi, a ce faɗin ya ninka tsayin sau uku ko fiye, iskar da ta haye gini tana samun sararin saukowa ƙasa ta share titi kafin ta tarar da gini na gaba. In tsayin ya kai kamar kashi biyu cikin uku na faɗin ko ya wuce, to iskar sama ta daina saukowa, sai dai wannan zagaye da na bayyana maka. Bene mai hawa uku yakan kai mita 10. In titinku daga bango zuwa bango mita 12 ne ko 14, kun faɗa cikin rukunin na biyu dumu-dumu. In kuma tsayin ya ninka faɗin sau biyu, kamar yadda ake gani a wasu layukan cikin manyan kasuwanninmu, zagayen rabuwa yake yi biyu, ɗaya a kan ɗaya, na ƙasan kuma da ƙyar yake motsi. A irin wannan layi hayaƙin janareta ɗaya ya isa ya wuni da mutane. Inda aka auna a birane daban-daban, an sha samun gefen da ya ba iska baya ya ninka ɗaya gefen a yawan hayaƙi, wani lokaci har fiye da haka.

Kada ka tsaya a maganata, ka gwada. Ƙyalle ba ya yi maka wuya. Ka yago siriri guda biyu, ka ɗaura kowanne a kan sanda. Ranar da iska ke kaɗawa sosai, ka kafa ɗaya a bakin titi daidai tsayin mutum, ka tura yaro saman bene da ɗayan. Na sama zai nuna yamma, na ƙasa zai riƙa karkatowa wajen shagonka. Da yake iskar a karkace take zuwa layinku, za ka ga na ƙasan yana kuma ɗan jan kudu, domin zagayen ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba, murɗawa yake yi yana bin titi. Ranar da garin ya yi tsit kuwa ba za ka ga komai ba, ƙyallen sai dai ya motsa in mota ta wuce, kuma a ranar ku duka biyun ne kuke shan hayaƙin.

Ka kuma tambayi ƙanenka yadda yake ƙarewa a watan Yuli da Agusta. Da damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, zagayen sai ya juya, shi ne zai koma mai ba ta baya. Ruwan sama yana wanke wani abu, shi ya sa ƙila bai cika kuka ba, amma rabonsa yana nan.

Dushewar shadda ita ce ƙaramar asara. Baƙin da kake gani a jikin yadi manyan ɓurɓushi ne. Akwai ƙanana waɗanda faɗinsu bai wuce kashi ɗaya cikin 30 na silin gashi ba, hanci ba ya tare su, har can cikin huhu suke sauka, wasu su shiga jini. Su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsaurara ma'auninsu a 2021, saboda alaƙarsu da asma da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Titi dai ba za ka iya faɗaɗa shi ba. Amma bencin nan da kuke zama a bakin ƙofa, a nan hayaƙin ya fi kauri, a mayar da shi ciki. In shagon yana da taga ta baya wadda ba ta kallon titi ko janaretan wani, ta nan ya kamata iska ta shigo, a sa fanka ta turo ta zuwa gaba, gaban kuma a yi masa ƙofar gilashi. Sannan ku haɗa kai da shugabannin layi a hana masu keke tsayawa jiran fasinja inji na aiki, a kuma kwashe janaretoci daga bakin shaguna a kai saman bene. Wanda ke zuwa da ƙaramin yaro kasuwa ya tuna cewa hancin yaron ya fi nasa kusa da salansa.

Daga wata uwa, Kaduna

Salam Injiniya. Tsakanin gidanmu da na maƙwabcinmu akwai ɗan lungu da bai fi taku ɗaya ba, an toshe ƙarshensa da katanga. A nan yake ajiye janaretansa saboda ɓarayi. Tagar ɗakin yarana a lungun take. In an ɗauke wuta ya tayar da shi, da safe yaran sukan tashi da ciwon kai da kasala, ƙaramar har amai take yi. Na kai su kemis sau da yawa ana ba su maganin maleriya, amma jikinsu ba zafi. Maigidana ya yi masa magana, ya ce ai a waje yake, ba a ɗaki ba, kuma sama a buɗe take. Gaskiya ne tunda sama a buɗe take ba matsala?

Amsa

Hajiya, kafin komai: daga daren yau kada yaran nan su sake kwana a ɗakin in janaretan yana aiki. Ki mayar da su wani ɗaki, ki kuma kai su asibiti, ba kemis ba, ki gaya wa likita maganar janaretan da bakinki. Ni ba likita ba ne, amma ciwon kai da jiri da amai ba zazzaɓi, a kan yara da yawa lokaci guda, kuma ya lafa in sun fita waje, alamun iskar kabon monoksaid ke nan. Ba ta da launi ba ta da wari. Warin da kike ji na sauran hayaƙin ne, ita shiru take shigowa. In ta shiga jini tana kama gurbin iskar oksijin, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi sama da sau 200. Mai barci ba ya farkawa ya ce wani abu na damunsa, barcin ne kawai yake ƙara nauyi. Labaran da mukan ji na iyali guda an wayi gari ba wanda ya tashi, a ce aljanu ne ko abincin dare, da dama daga cikinsu wannan ne.

Maƙwabcinku yana ganin duk inda ba rufi waje ne. A wurin iska kuwa ba haka ba ne. Lungu mai faɗin taku ɗaya tsakanin bangaye masu mita uku ko huɗu, ga ƙarshe a toshe, ya fi layin Alhajin da na amsa wa a sama muni nesa ba kusa ba. Iskar da ke wucewa ta sama ba ta da hanyar saukowa ciki. Hayaƙin yana fitowa da zafi, ya ɗan tashi, ya gogi bango ya huce, ya gauraya da iskar lungun ya zauna. Kabon monoksaid nauyinta kusan ɗaya da na iskar da muke shaƙa, don haka ba ta tsere sama ba ta kwanta ƙasa, cika wurin take yi. Mafita mafi kusa da ita kuwa tagar yaranki ce. Rufe tagar yana ragewa amma ba ya hanawa, domin tagoginmu na ƙarfe da na luba ba wadda ba ta da kafa.

Dare kuma yana ƙara dagula abin, musamman yanzu. A hunturu sama ba gajimare, da rana ta faɗi ƙasa sai ta yi saurin hucewa, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi ta kwanta, mai ɗumi ta hau kanta ta danne. Motsin sama da ƙasa ya tsaya ke nan sai rana ta fito. Shi ya sa da asuba kike ganin hayaƙin masu shayi da na bola ya miƙe a kwance daidai tsayin katanga, ya ƙi tashi.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka shawararta ita ce janareta ya yi nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, wato kamar mita 6, salansa kuma ta juya wa gida baya. Na san a filotinmu na awon igiya mita 6 abu ne mai wuya. Amma akwai gaban gida inda iska ke wucewa, a yi masa keji na ƙarfe da kwaɗo saboda ɓarayin. Akwai saman rufin kankare in gidan yana da shi. Wasu sukan sa mai walda ya ƙara wa salansa bututu ya kai shi sama da rufi. Yana taimakawa in bututun mai faɗi ne, ba ya yoyo a mahaɗa, kuma ya wuce bakin rufin da gaske. In ya tsaya a ƙarƙashin indararo an yi aikin banza, domin hayaƙin dawowa zai yi. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in wannan iska ta taru a ɗaki, ana samunta a wurin masu kayan wuta, ki rataya ɗaya a ɗakin yaran ko bayan an matsar da injin.

Maigidanki ya koma masa, wannan karon da takardar asibiti a hannu da wani dattijo na masallacinku. In ya ƙi ji, sai mai unguwa. Ina kyautata zaton bai san abin da yake yi ba ne, kuma in gidansa yana da taga a lungun, nasa yaran ma suna sha.

Wannan lungu kuwa, da za a bi ta tawa da ba a gina irinsa. Sau nawa ina zana gida in bar fili a gefe, mai gini ya dube ni ya ce, "Injiniya, filin nan fa da kuɗina na saya," ya sa birkila ya kai bulo har kan iyaka. Na kusa da shi ma ya yi haka. Abin da ya rage a tsakani ba ya isa iska ta wuce, sai dai ya isa a cusa inji.

Daga wani mai gidan burodi, Zinder

Malam Injiniya, barka da aiki. Na gaji gidan burodi daga mahaifina, da itace muke gashi, kuma tun ina yaro ba wanda ya taɓa kawo ƙarar hayaƙinmu. Bara aka gina bene mai hawa uku a gabas da mu, jikin katangarmu. Tun daga nan hayaƙin ya daina tashi, sai ya faɗo cikin gidajen da ke bayanmu, har masu benen ma suna cewa yana shiga tagoginsu. Ban canza murhu ba, ban canza itace ba. Laifin wa ne?

Amsa

Barka kadai, Malam. Laifi dai na bar wa masu shari'a, amma dalili a fili yake. Da bututunka shi ne mafi tsayi a wurin, bakinsa yana cikin iskar da ke wucewa, tana ɗauke hayaƙin ta yi gaba da shi. Yanzu benen ya tare iskar gabas, bututunka ya koma cikin inuwarsa. A bayan kowane dogon gini akwai wurin da iska ke juyowa ta yi ƙasa ta dawo wajen bangon, kuma wannan wuri yakan kai nisan tsayin ginin sau biyu ko uku. Duk hayaƙin da aka saki a ciki ƙasa yake yi, wani ya faɗa tsakar gidan mutane, wani ya koma ya hau bangon benen ya shiga taga. Masu benen ba ƙarya suke yi ba, ko da yake su ne suka zo suka same ka. Zama da maɗaukin kanwa ne.

Tsohuwar ƙa'idar injiniyoyin Ingila ita ce bututun hayaƙi ya ninka tsayin ginin da ke kusa da shi sau biyu da rabi, in ana so ya kuɓuta gaba ɗaya. Bene mai mita 10 ke nan yana neman bututu mai mita 25. Wannan na masana'anta ne, ba zan ce ka yi shi ba, iskar farkon damina ma kayar maka da shi za ta yi. Amma in ka samu ya wuce rufin benen ko da mita biyu ne ko uku, an ɗaure shi da wayoyi ta kusurwa uku, za ka ga bambanci babba. Ka kuma duba bakinsa. In akwai 'yar hular kwanon nan da ake kifawa saboda ruwan sama, ita ma tana cikin masu laifi, domin hayaƙin da ya taso da ƙarfinsa yana dukanta ya watse gefe ya yi ƙasa. Mai walda zai iya yi maka wadda ke tare ruwa ta bar hayaƙi ya miƙe sama.

Sai lokacin hura wuta. Na san masu burodi da tsakar dare ko kafin asuba kuke kunna murhu, kuma a farkon kamawar wuta hayaƙi ya fi yawa. Wannan ne daidai lokacin da iska ke kwance, kamar yadda na gaya wa Hajiya. Kada a raina kwanciyar nan. A Landan, cikin Disambar 1952, iska ta kwanta kwana biyar a kan hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu, aka ƙidaya mutum wajen 4,000 da suka mutu, lissafin baya ma ya kai 12,000. In aikinku zai yiwu a fara hura wutar da yamma kafin rana ta faɗi, a yi. Itace ya zama busasshe. Taya da roba da baƙin mai kuwa kada su kusanci murhun, ko yaranka sun ce sun fi saurin kamawa.

Daga wani shugaban makaranta, Katsina

Makarantarmu tana bakin babban titi. Muna so mu shuka darbejiya a jere don ta tare wa yara hayaƙi, sai wani ya ce ya ji wai bishiya tana ƙara riƙe hayaƙi. Mu shuka ko mu fasa?

Amsa

Ku shuka, Malam. Abin da mutumin ya ji gaskiya ne amma a wani wuri. In titi matsattse ne tsakanin benaye, bishiyoyin hagu da dama kuma suka haɗe kai a sama, to sun yi wa titin rufi, ɗan hayaƙin da ke samun ficewa ma ya rasa hanya. A can sassabe ake yi a bar tazara. Ku kuwa a fili kuke, hayaƙin daga gefe yake zuwa muku. Sai dai darbejiya in ta girma ƙasanta fayau yake, hayaƙi ta nan zai wuce. Ku haɗa mata da shinge mai duhu tun daga ƙasa har ya wuce tsayin mutum, a jikin katangar da ke kallon titi. Hayaƙin mota yana raguwa sosai cikin mita 100 zuwa 150 na farko daga bakin kwalta, don haka in kuna da zaɓi, ajin 'yan ƙanana da filin wasa su koma can ƙarshen makaranta, ofis da sito su dawo gaba.

Daga wata ɗaliba mai karatun tsara birane, Zariya

Baba Injiniya, iska ba a ganinta. Ta yaya aka san duk wannan? Kuma akwai garin da ya taɓa canza tsarin gininsa saboda iska, ko a littafi kawai abin yake?

Amsa

'Yata, ana sa mata abin da za a gani ne. Wata tsohuwar hanya ita ce a ƙera unguwa 'yar ƙarama da katako, a sa ta cikin wani dogon rami mai babbar fanka, a saki hayaƙi a ɗauki hoto. Akwai kuma gwaji a fili. A 2001, a hamadar Utah ta Amurka, an jera kwantena 120 irin ta tashar jiragen ruwa, layi-layi kamar gidaje, aka riƙa sakin wata iska da na'ura ke iya shinshinowa, ana auna inda ta bi. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka gani shi ne, in iska ta zo a karkace, hayaƙin da ke ƙasa ba ya bin inda ta nufa, layin kwantenonin yake bi. Yau yawancin aikin a kwamfuta ake yi, amma sai an gwada lissafin kwamfutar da irin waɗancan awo kafin a yarda da shi. In kika ga hoto mai launi-launi a aikin wani ba tare da awo ko ɗaya na zahiri ba, ki tambaye shi da me ya tabbatar.

Garuruwa kuwa akwai. Stuttgart ta Jamus a cikin kwari take, tsaunuka sun kewaye ta, iska ba ta cika kaɗawa ba. Tun 1938 hukumar birnin ta ɗauki masanin yanayi aiki. Sun gano da dare iska mai sanyi tana gangarowa daga tsaunukan ta wasu hanyoyi sanannu ta wanke garin, sai suka hana gini a kan hanyoyin, aka bar su gonakin inabi da dazuka, duk da tsadar fili a wurin.

Hong Kong kuwa da wuya ta koya. A 2003, lokacin annobar cutar numfashi ta SARS, a wata unguwar dogayen benaye mai suna Amoy Gardens mutum sama da 300 suka kamu, 42 suka rasu, kuma da yawansu ba su taɓa haɗuwa da juna ba. Abin da masu bincike suka gano zai ba ki mamaki. Magudanar ƙasan banɗaki tana da wani lanƙwasasshen bututu da ya kamata kullum ya riƙe ruwa, don ya toshe iskar da ke tasowa daga bututun masai. A gidaje da yawa ruwan ya bushe. In mutum ya rufe ƙofa ya kunna fankar banɗaki, sai ta zuƙo iskar masai mai ɗauke da ƙwayar cutar, ta tura ta waje cikin wani matsattsen lungu da ke tsakanin gidajen tun daga ƙasa har sama. Iskar mai ɗumi ce, sai ta bi lungun ta yi sama tana shiga tagogin hawa-hawa, da ta kai rufi kuma iskar gari ta kwashe ta zuwa benayen da ke kusa. Bayan wannan ne, a 2006, gwamnatin can ta wajabta a riƙa auna yadda manyan gine-ginenta za su shafi iskar unguwa kafin a gina. Jama'ar garin kuma suka tashi tsaye a kan benayen da ake jerawa manne da juna a bakin teku, waɗanda ke tare wa unguwannin baya iska.

Abin da za ki riƙe in an ba ki fili ki yanka shi ne iskarmu hanya biyu gare ta, arewa maso gabas da rani, kudu maso yamma da damina, kuma duk a kan layi ɗaya suke. Wannan sa'a ce da garuruwa da yawa ba su samu ba. In manyan tituna da filayen da aka bari suka bi wannan layi ko kusa da shi, iska za ta ratsa unguwa rani da damina. A bar giɓi tsakanin benaye, kada a yi su tsayi ɗaya kamar an yanka da wuƙa, domin dogo a tsakanin gajeru yana kamo iskar sama ya turo ta ƙasa. Za a ce miki ai hanyar da iska ta bi ita ƙurar hunturu za ta bi. Haka ne, kuma amsarsa a jikin gida take, tagogin arewa da gabas su zama ƙanana masu rufuwa da kyau. Ba a toshe unguwa gaba ɗaya saboda ƙurar wata uku.

Ki kuma je cikin birnin Zariya ko na Kano ki duba da idonki. Lungunan matsattsu ne, amma gidajen ƙasa gajeru ne, kowanne da tsakar gida a buɗe, hayaƙin murhu yana da sama tasa. Waɗanda suka gina su ba su yi lissafin babur da janareta da injin markaɗe ba. Yanzu an shigo da injuna cikin lungun, an ɗora bene a kan soro, an rufe tsakar gida da kwano don a samu ƙarin ɗaki. Aikin digirinki yana nan a kwance, da sanda da ƙyalle ma za ki iya fara shi.

Daga wani ango mai neman haya, Abuja

An nuna mini gida biyu a bene ɗaya a bakin titi, ɗaya a ƙasa ɗaya a hawa na uku. Amaryata tana da asma. Wanne zan kama?

Amsa

Allah ya sanya alheri. In hayaƙin titi ne kawai, na sama ya fi, kuma wanda tagoginsa ke kallon baya ya fi mai kallon titi. Amma kafin ka biya, ka hau rufin ka gani ko a can aka jera janaretocin gidan, ka kuma duba ko akwai bututun gidan burodi ko na otal da bakinsa ya yi daidai da tagarku, domin in akwai to na saman ya fi na ƙasan haɗari. Dillali da rana tsaka zai kai ka, lokacin da iska ke motsi kuma kowa ya fita. Ka koma kai kaɗai bayan isha'i ranar da ba wuta, ka tsaya a ɗakin kwanan minti goma taga a buɗe. In kun tare, duk magudanar banɗakin da ba a cika amfani da ita ba a riƙa zuba mata ruwa kofi biyu kowane mako.